Abin da Jini Ke Faɗa Kafin Ya Hau

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau zancen hawan jini za mu yi, amma ta wata ƙofa da ba a cika shiga ba. Galibi in aka ɗauko maganar, mutum ya riga ya kamu, ana batun ƙwayoyi da rage gishiri. Mu kuwa baya za mu koma, mu yi tambaya: saurayi ko budurwa mai shekara 25 ko 30, yana jin kansa garau, shin akwai abin da za a gani a cikin jininsa yau da zai nuna cewa nan da 'yan shekaru jinin zai hau? Likitoci sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya. Sun samo amsoshi, wasu masu ƙwari, wasu kuwa sai a hankali.

Mu fara daidaita sahu. In an ɗaura maka abin awo a damtse, lamba biyu ake ba ka. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin hawan jini idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a ranaku biyu daban-daban. Likitocin zuciya na Amurka sun sauko da tasu iyakar zuwa 130 bisa 80 tun 2017. A rahoton da hukumar ta fitar a 2023, ta ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba.

Me ya sa muka damu da na ƙuruciya? Lissafi ne mai sauƙi. Wanda jininsa ya hau yana da shekara 65, da wanda nasa ya hau yana da 32, ba su ɗauki kaya iri ɗaya ba. Na biyun zai yi shekara talatin ko fiye jini yana dukan bangon jijiyoyinsa dare da rana, zuciya tana kauri, ƙoda tana tsufa da wuri. Shi ne za ka ji an ce wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, alhali ɗansa na fari bai gama firamare ba. Kowa a cikinmu ya san gida irin wannan. Allah ya kiyashe mu.

To, mu leƙa ɗakin gwaje-gwaje. Ma'aikaciya ta ɗaure maka hannu da roba, ta laluba jijiya da yatsa, ta zuƙi jinin da bai fi cokali ɗaya ba, ta zuba a 'yar kwalba mai murfi mai launi. A saka kwalbar a wata na'ura ta yi ta juya ta da gudu na 'yan mintoci. In an fito da ita, sai ka ga jinin ya rabu biyu: ja mai duhu ya kwanta a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. A cikin wannan ruwan na sama ake neman yawancin alamomin da za mu ambata. Sinadarai ne da gaɓoɓin jiki ke zubawa a jini, kowanne yana ba da labarin inda ya fito.

Na farko, kuma wanda ya fi burge ni, daga ƙoda labarinsa yake farawa. Mutane da yawa suna ɗauka hawan jini harkar zuciya ce kawai, alhali ƙoda ce ke riƙe da akalar gishiri da ruwa a jiki. Tun 1898 wasu masu bincike biyu a Suwidin, Tigerstedt da ɗalibinsa Bergman, suka gano cewa ƙoda tana fitar da wani sinadari mai ɗaga jini, suka sa masa suna renin. In ƙoda ta ji jini ya yi mata kaɗan, sai ta saki renin. Shi kuma ya tayar da wasu sinadarai da ke tsuke jijiyoyi, har saƙo ya isa ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su fitar da aldosteron. Aikin aldosteron shi ne ya ce wa ƙoda: riƙe gishiri, kada ki zubar. Inda gishiri ya tsaya ruwa zai tsaya, inda ruwa ya taru jini zai hau.

Akwai wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts ta Amurka mai suna Framingham. Tun 1948 likitoci suke bibiyar lafiyar mutanensa, sun fara da mutum 5,209, suka bi 'ya'yansu, yanzu har jikoki. Da yawa daga abin da duniya ta sani game da haɗarin ciwon zuciya, akwai hannun mutanen garin nan a ciki. A 2004 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan mutum 1,688 daga cikinsu waɗanda ba su da hawan jini. An auna musu aldosteron, aka dawo bayan shekara huɗu. Waɗanda nasu ya fi yawa, haɗarin kamuwarsu ya zarce na masu mafi ƙaranci da kusan kashi 60 cikin 100. Abin lura shi ne, yawan nasu bai kai matakin da likita zai ce cuta ba ce. Yana cikin iyaka, amma yana can saman iyakar.

Na biyu shi ne yurik asid, wato dattin da jiki ke samarwa in ya sarrafa wasu nau'o'in abinci, ƙoda kuma ta fitar da shi ta fitsari. In ya taru, shi ke kawo ciwon gaɓar nan mai zafi da ya fi kama babban yatsan ƙafa cikin dare. Hanta da sauran kayan ciki suna ɗaga shi, giya tana ɗaga shi, haka ma lemon kwalba mai zaƙi, wanda matasanmu suka mayar ruwan sha. Tun shekarun 1870 wani matashin likita a Landan, Frederick Akbar Mahomed, ya lura cewa masu hawan jini da yawa sun fito daga zuri'ar masu wannan ciwon gaɓa. Bawan Allah bai yi tsawon rai ba, taifot ta ɗauke shi a 1884 yana da shekara 35.

Sai a 2008 aka yi wani gwaji da ya ja hankalin duniya. A birnin Houston na jihar Texas, likitoci suka ɗauki yara matasa 30 da aka gano suna da hawan jini sabon kamu, kuma yurik asid ɗinsu ya yi sama. Aka ba su maganin da ke rage shi na mako huɗu. Mutum 20 daga ciki jininsu ya dawo daidai. Da aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, mutum ɗaya ne kacal ya daidaita. Ka ji kamar an gama magana. Amma mutum 30 ba taro ba ne, kuma da aka sake irin gwajin a jihar Alabama a kan 'yan shekara 18 zuwa 40, aka fitar da sakamako a 2021, ba a ga jinin ya sauka ba. Don haka kada wani ya ji wannan ya nufi kemis. Maganin yana iya jawo mummunan ƙurji da saɓar fata ga wasu, kuma babu likitan da ke rubuta shi don hawan jini kawai.

Na uku shi ne wanda ake kira CRP. Hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da jiki ke fama da kumburi ko yaƙi da wata cuta. A 2003 aka fitar da binciken da ya bi mata ma'aikatan lafiya 20,525 a Amurka har kusan shekara takwas. Fiye da 5,000 sun kamu da hawan jini, kuma masu yawan CRP tun farko su suka fi kamuwa.

Akwai saura: suga da kitsen jini, waɗanda sau da yawa tafiyarsu ɗaya da hawan jini da teɓa, kiriyatinin, mai nuna yadda ƙoda ke tacewa, sai albumin a fitsari, wanda ko da yake ba a jini ake auna shi ba, ɗan gidansu ne, domin ƙoda mai lafiya ba ta barinsa ya zuba.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan alamomin da ke cikin jini masu iya nuna hawan jini kafin ya zo. Yanzu kuma mun iso inda gizo ke saƙa.

Duk manomi ya san shamuwa. In ta sauka a kan bishiyar gari, an san damina ta ƙarato, sai a fara gyaran gona. Amma shamuwa ba ita ke kawo ruwa ba, kuma in ka kore ta ba ka hana ruwa sauka ba. Wasu daga cikin sinadaran nan haka suke. CRP, alal misali. Akwai mutanen da gado ne ya sa nasu yake sama tun haihuwa, kuma da masu bincike suka duba irin waɗannan, ba su same su da hawan jini fiye da kowa ba. Wato yana tafiya tare da ciwon, amma da wuya a ce shi ya haife shi. Aldosteron kuwa daban ne, shi da hannunsa yake aikin.

Ga kuma wata matsala tamu ta gida. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da taifot da ciwon haƙori suke yawo, CRP yana iya tashi yau ya sauka jibi. In ka auna shi a watan Agusta a jikin wanda sauro ya cije makon jiya, labarin sauro zai ba ka.

Sai babbar tambaya: in an haɗa duk gwaje-gwajen nan, nawa suke ƙarawa a kan abin da likita ya riga ya sani? A 2007 masu binciken Framingham suka gwada alamomi tara a lokaci guda. Uku ne suka tsaya da ƙafarsu: CRP, da wani sinadari mai alaƙa da daskarewar jini, da albumin na fitsari. Shekara ɗaya bayan haka, a 2008, suka fitar da ma'aunin hasashen wanda zai kamu da hawan jini cikin shekara huɗu. Ku saurari abubuwan da ke ciki: shekarun mutum, namiji ne ko mace, lambar awon jininsa ta sama, ta ƙasa, nauyinsa gwargwadon tsayinsa, ko iyayensa suna da hawan jini, da ko yana shan taba. Babu allura, babu kwalba. Kuma ma'aunin ya yi aiki sosai.

Ni a ganina wannan shi ne abin da ya fi kamata mai sauraro ya riƙe. Babu abin da ke hasashen awon jininka na baɗi kamar awon jininka na bana. Saurayin da kullum yake 134 bisa 86, mahaifinsa ya kamu kafin shekara 55, ga tumbi ya fara turo riga, wannan ba ya bukatar gwaji mai tsada kafin a ce masa ya yi hattara. Su masu binciken Framingham sun nuna cewa hawan jinin da ya kama iyaye da wuri ya fi bin 'ya'ya fiye da wanda ya zo musu da tsufa. Don haka tambayi Baba da Inna: shekararku nawa aka fara ba ku ƙwayar hawan jini? Amsarsu gwaji ce, kuma kyauta.

Kada a ce na raina gwajin jini. Akwai wurare biyu da yake biyan kuɗinsa har da riba.

Na ɗaya, matashin da jininsa ya riga ya hau. Duk wanda bai kai shekara 40 ba aka same shi da hawan jini, ya kamata a tono dalili, domin a irin wannan shekaru sau da yawa akwai wani abu a ƙasa. A 1954 wani likita a Jami'ar Michigan, Jerome Conn, ya duba wata mata 'yar shekara 34 mai hawan jini da kasala da ɗaurewar tsoka. Ya ga sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa ƙwarai a jininta. Da aka yi mata aiki, aka tarar da ƙari a ɗaya daga cikin ƙullutan nan na saman ƙoda yana ta zubo aldosteron ba ƙaƙƙautawa. Aka cire, ta samu sauƙi. An daɗe ana ɗauka ciwon ba safai ake ganinsa ba. Yanzu an san cewa cikin masu hawan jini 100, biyar zuwa goma shi ke damunsu, kuma adadin ya fi haka a cikin waɗanda suke shan magani uku jinin ya ƙi sauka. Ana gano shi ta hanyar kwatanta aldosteron da renin a jini, yana kuma da maganinsa na musamman. Gwajin bai wadatu a asibitocinmu ba, gaskiya ne. Amma fotasiyam da kiriyatinin da suga da gwajin fitsari, waɗannan kusan duk babban asibiti yana yinsu, kuma haƙƙin matashi mai hawan jini ne ya ce wa likita: ranka ya daɗe, a duba mini ƙoda.

Na biyu, mata masu juna biyu. Iyayenmu mata, ku matso kusa da rediyo. Hawan jinin da ke zuwa bayan ciki ya wuce mako 20, wanda in ya tsananta yake kai wa ga jijjiga, tushensa daga mabiyiya yake. In ba ta kafu da kyau a jikin mahaifa ba, sai ta riƙa zubo wani sinadari da ke cutar da jijiyoyin uwa, wani kuma mai amfani ya ragu. An gano cewa wannan canji yana bayyana a jini kimanin mako biyar kafin ciwon ya nuna kansa. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa in aka kwatanta sinadaran biyu lissafin bai wuce 38 ba, fiye da kashi 99 cikin 100 na matan ba za su kamu a cikin makon ba. A 2017 kuma aka tace mata tun farkon ciki da gwajin jini da awo da hoton ciki, aka ba masu haɗari ƙaramin asfirin kullum da dare, ciwon da ke tilasta haihuwa kafin lokaci ya ragu da kashi 62 cikin 100. A nan kam hasashe ya haifi rigakafi.

Sai dai a yawancin garuruwanmu, abin da ke hannun ungozomar asibiti shi ne abin awon damtse da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya canza launi. Kada a raina su, sun ceci rayuka ba adadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau takwas. Ciwon kai mai tsanani, ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki ta dama: a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. Maigida, kai ma da kai ake. Asfirin kuma sai likita ya rubuta. Wadda ta taɓa yin wannan ciwo, ta ci gaba da awo ko bayan yaye, domin ta fi sauran mata haɗarin hawan jini na dindindin.

Wani abin da ya kamata a faɗa: yawancin binciken da na lissafa a kan Turawa aka yi su. Jikinmu kuwa yana da nasa hali. An daɗe da sanin cewa baƙar fata masu hawan jini sun fi samun ƙarancin renin, jikinsu ya fi riƙe gishiri, shi ya sa wasu magungunan da ke yi wa Bature aiki ba sa yi mana sosai in an sha su su kaɗai. A 2019 wani gwaji da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru, a kan mutum 728, ya nuna cewa haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jini a jikin mutanenmu. Irin wannan aiki muke bukata a fannin hasashe ma, a bi matasan Kano da Maraɗi da Kumasi shekara da shekaru, a ga wace alama ce take faɗin gaskiya a kanmu.

Tunda an ambaci gishiri: abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu a miya, ta ƙara gishiri, ga kanwa a wake, ita ma sodiyam ce fal a cikinta, ga yajin tsire da daddare. Ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan dako da masu aikin ƙarfi ke haɗiya kullum, irin su diklofenak, su ma suna ɗaga jini suna kuma cin ƙoda.

Sannan ku yi hattara da masu yawo da kwamfuta a kasuwa da tasha, a ba ka wani ƙarfe ka riƙe minti ɗaya, a ce an ga hantarka da ƙodarka da jininka, a ƙarshe a miƙo maka kwalaben magani na dubbai. Duk sinadarin da muka ambata yau, sai an ɗebi jini ko fitsari ake iya auna shi.

In za ka je awo, ga yadda ake yi don lamba ta fito daidai. Rabin sa'a kafin nan, ban da goro, ban da shayi mai kauri ko kofi, ban da taba. Ka kewaya ka yi fitsari. Ka zauna minti biyar ka jingina bayanka, tafin ƙafa biyu a ƙasa, kada ka harɗe. A ɗora hannun a kan tebur daidai ƙirji, a naɗe hannun riga, ka yi shiru har a gama, gaisuwa ta jira. A auna sau biyu. Ka rubuta lambobin da kwanan wata a takarda ka adana, domin likita ya fi amfana da jerin awo na shekara biyu fiye da na rana ɗaya. In lafiya lau ne, ka koma baɗi. In ya kusa iyaka, ko akwai shi a gidanku, kada ka bari ya kai shekara.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa za mu ɗauko ƙoda ita kaɗai, mu ga abin da lambar kiriyatinin ke nufi a takardar gwaji. 

(Kiɗan rufe shiri)